Gwangwanin Facin Baba Gambo

Ba zan tsaya ba da labarin yadda na baro gida ba. Duk wanda ya fito daga ƙasar Gobir neman abinci ya san wannan fitar, kusan iri ɗaya ce. Nawa labarin ya fara ne ranar da mota ta zube mu a Nima, cikin birnin Accra, wanda tsofaffinmu ke kira Ankara. Na sauka da jakar leda ɗaya da girman kai cike da ciki, don a garinmu ana yi mini kallon mai wayo.

Abin da ya fara rikita ni shi ne Hausar wurin. Ta ko'ina Hausa ake yi, amma sai na kasa kunne sosai kafin in kama zaren maganar. Mace za ta wuce a ce "ya wuce". Ana cikin zance sai a faɗa wani yare, a dawo, kamar ba a yi komai ba. Na samu makwanci a barandar wani shago tare da 'yan uwa masu dako, na riƙa bin su Kasuwar Makola. Wata da watanni ina ɗaukar kayan mutane a ka, har gashin tsakar kaina ya fara zubewa. Kewar gida ba ta kama ni sai wajen cin abinci. In aka miƙo mini dokunu, tuwon masararsu mai tsami, sai in tuna furar geron gidanmu, in kasa cinye shi.

Da wuyana ya gaji, sai na ƙudura sayen keke in riƙa kai wa masu shaguna ruwan leda. A Kawukudi na gamu da wani mutum mai fara'a. Yana jin harshena ya rungume ni, ya ce ai shi ma Bagobiri ne, har ya ambaci kasuwar ƙauyenmu. Sai daga baya na gane a bakina ya tsinci sunan. Ya fito mini da keke baƙi wuluk yana ƙyalli, ya rantse ya sake rantsewa cewa don ni ɗan gida ne ya sakar mini shi. Na juye masa duk abin da na tara a dako, na hau ina washe baki.

Washegari na ɗaure ruwa a kariyar bayan keken, ban kai ƙarshen Maamobi ba tayar baya ta yi ƙara ta zauna. Da na shafa ta, tafin hannuna ya yi baƙi. Ashe man goge takalmi aka shafa wa tsohuwar taya. Na tura keken har Kawukudi, mai fara'a ya yi ɓatan dabo, duk wanda na tambaya sai ya ce bai taɓa ganin mai kama da shi ba. Ni mutum ne mai zuciya, ba na ɓoyewa. Na yar da keken a bakin kwata, na zauna ina zagin Accra da mutanenta da wanda ya fara gaya mini akwai arziki a cikinta.

"Kai ɗana, mi keken ya yi maka?"

Na ɗaga kai. Wani dogon tsoho ne mai farin gemu, da akwatin burodi a bayan kekensa. Harshensa na gida ne tsantsa, shi ya sa na ƙara ɗaure fuska, tunda ɗan gida ne ya gama cuta ta. Na ce ya wuce abinsa. Bai wuce ba. Ya jingine kekensa, ya kwance wani gwangwanin madara da ke ɗaure a ƙarƙashin sirdi da igiyar roba, ya ajiye a gabana.

"Ba ni za ni yi maka ba," in ji shi. "In na yi maka yau, gobe ma nan za ni iske ka zaune. Buɗe."

Na buɗe ina huci. Tsofaffin cokula biyu ne a sama, an daka bakin mariƙinsu ya yi faɗi. Da su ya sa na ɓanɓare tayar daga wili. Da tif ɗin ya fito, tsohon ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce bai taɓa ganin facin da aka yi wa faci ba sai yau. Ya sa na hura iska da famfonsa, na bi tif ɗin da yawu har na ga inda yake kumfa. Na goge wurin da samfefa, na yanko faci daga wani yankin tsohon tif da reza, na shafa sholisho. Zan manna ke nan ya bugi hannuna.

"Jira ya sha iska. Gaggawar mi kake? Ruwan naka ya riga ya yi zahi."

Kafin in mayar, ya sa na zagaya cikin tayar da yatsa, ko abin da ya huda ta yana nan. Sannan ya zazzage sauran abin da ke gwangwanin a kan tsumma yana nuna mini: sufana daidai notin ƙafa, ƙaramar filaya, bawul, 'yan gaɓoɓin sarƙa, da wani gutsuren tsohuwar taya. Na tambaye shi amfanin wannan gutsuren.

"In taya ta tsage, hwaci kaɗai ba ya isa," ya ce. "Tif leƙowa zai yi ta tsagar ya hwashe. Sai ka tare shi da wanga daga ciki. In tsagar ta hi ƙarhinshi, naɗe tif ɗin da ƙyalle mai kauri, wanda ba ya miƙewa in an ja. Ka jiya?"

Na ce na ji, alhali hankalina yana kan ruwan mutane. Ya gutsura mini burodi, ya ce sunansa Gambo, ƙauyensu yana bayan Tsibiri. Ni kuma na ce Lawali. Tun da na zo ƙasar, ranar ce na fara cin abu na ji daɗinsa.

Baba Gambo ne ya sama mini kusurwa a ɗakinsa, a gidan wata Hajiya Memuna da ke Maamobi. Ita haifaffiyar zango ce, wato unguwar baƙi Musulmi ta can, mai faɗa, mai kyauta. Tana zagin mu kan mun jiƙa mata tsakar gida da wankin keke, tana tura mana koko da ƙosai. Shi kuwa Baba ya fi shekarun haihuwata a Accra yana kai wa masu shayi burodi. Bai yi aure a can ba, bai kuma taɓa komawa gida ba. In na tambaye shi sai ya ce baɗi. Sannu a hankali na gane kunyar komawa hannu wofi ce ta riƙe shi, har mahaifiyarsa ta rasu ba ya nan, daga nan kuma ƙafar ta yi masa nauyi gaba ɗaya. Ya haɗa mini gwangwanina irin nasa, kuma duk safiya sai ya girgiza shi ya ji nauyinsa kafin ya bar ni in fita. Ina ce masa ko soja ba a bincikarsa haka.

Gidan yana bakin babbar kwatar da ta ratsa unguwar. Wata damina ruwa ya cika ta ya shigo mana ɗaki da rana tsaka, har gwiwa. Ni na yi kan tabarma da buhun gari. Baba bai kalli komai ba sai wani ƙunshi da ke ƙasan akwatinsa. Ya ɗora shi a ka ya tsaya cikin ruwa har ya janye. Da muka zauna shanya kaya ya kwance mini shi. Farin saƙi ne mai kauri, ya ɗan yi ja don daɗewa.

"Likkahwanina ne," ya ce. "Inna ta kaɗa zaren da hannunta, audugar gonarmu ce. Masaƙin garinmu ya saƙa. Ran da za ni taho ta ba ni, ta ce in Allah ya ɗauke ni ƙasar mutane, a sa ni cikin abin gida."

Ya naɗe shi a hankali, ya ce wannan kaɗai ya rage masa na wajenta.

Ba a daɗe ba na samu aikin gadi a wani gini da ba a ƙarasa ba, can bayan Amasaman, a kan tudu cikin sabbin filaye. Wurin shiru, babu wuta, babu maƙwabci sai kangaye. Ranar da zan tashi, Baba ya miƙo mini ƙunshin.

"Can tudu ne, ruwa ba ya kai wa. Nan kuwa wata rana kwatar ga za ta ci shi. Amana ce, Lawali. Ran da ka ji labarina, kai za ka kawo shi."

Na ce ya daina irin wannan maganar. Ya ce maganar ba ta kashe kowa, in karɓa. Na karɓa, na rataye shi a saman ɗaki cikin leda. Duk Juma'a nakan hau keke in zo mu yi salla tare, ina ganin yadda ƙarfinsa ke raguwa, har ya daina kai burodi.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, bai ɗauke ba sai da hantsi. Wayata ta yi ƙara, na ji muryar Hajiya Memuna a dishe.

"Lawali, Baba naka ya tafi. Yanzu-yanzu nan. Ya ce kaya nasa yana hannu naka. Ka kawo shap-shap."

Na yi salati, na sauko da ƙunshin, na ƙara masa leda, na goya shi a baya da igiya. Kuka bai zo mini ba a lokacin. Abu ɗaya ne a kaina: a zango ba a kwana da gawa, kuma in ban isa ba za a yanko farin yadi a kasuwa a sa shi a ciki.

Daga ginin zuwa kwalta tafiya ce mai nisa a kan jar ƙasa. In an yi ruwa, ko mai babur ba ya shigowa. Masu tifa sun zuba fasassun duwatsu a wuraren da suke kafewa, ruwan kuma ya wanke ƙasar ya bar su tsirara. A wata gangara na ji ƙarar da duk mai keke ya sani. Na sauka na duba. Ba huda ba ce. Dutse ya yanke gefen tayar baya, tsagar ta fi tsawon yatsana, tif ɗin ma ya yage.

Na kwance gwangwani. Hannuna ya san aikinsa. Na cire ƙafar, na fito da tif, na goge, na yanko babban faci, na matse sholisho har ya ƙare ƙaf. Na jira ya sha iska, kuma wannan jiran ya fi mini komai wuya. Facin ya kama. Na ɗauko gutsuren taya na kara a tsagar, bai rufe ta ba, da saura ta kowane gefe. Na naɗa tsumman gwangwani, mai ya riga ya cinye shi, ina ja ya yage. Na tuɓe rigata na yanki hannunta na naɗa. Rigar gwanjo ce mai miƙewa kamar roba. Ina bugun famfo na ga tif ya tura ta ya leƙo ta tsagar, na yi maza na sace iskar. In ya sake fashewa, ba ni da abin liƙe shi. Wandona ma irin rigar ne. Na bi gefen hanya ina dubawa, babu komai sai jiƙaƙƙun ledojin ruwa da ciyawa.

Na kira Hajiya, ta miƙa wa Malam Seidu, limamin masallacin unguwar, wanda shi ke wa mazan zangon wanka in sun rasu. Na gaya masa halin da nake ciki.

"Lawali, mun yi wanka tuni," ya ce. "Mota na maƙabarta yana jira, mutane sun taru. Za mu jira ka zuwa kiran la'asar. In an kira ba ka zo ba, za mu sa masa na kasuwa. Ba za mu wahalar da mamaci ba."

Gaskiya ya faɗa, amma na ji haushinsa. Rana ta riga ta karkata. In na bi da ƙafa, kafin in kai kwalta lokaci ya tafi, kuma na san Accra bayan ruwa, motoci tsayawa suke yi cak. Keke ne kaɗai zai iya kai ni.

Na zauna a kan dutse da ƙunshin a cinyata. Tun ɗazu na san abin da ya rage, ina dai kauce masa ne. Ƙyalle mai kauri wanda ba ya miƙewa, a duk dajin nan guda ɗaya ne, kuma shi ne amanar da aka ba ni in kai. In na bar shi cikakke, zai isa bayan an rufe mai shi. In na yanka, na sa reza a abin da uwa ta kaɗa wa ɗanta, wanda ya tsare shi shekara da shekaru ko ɓera bai taɓa ba. A nan kukan ya zo mini, na yi shi sosai, babu mai gani.

Na wanke hannuna da ruwan da ya taru a kan wani dutse. Na kwance ledar, na warware gefe ɗaya kawai.

"Baba, ka yahe mini," na ce da ƙarfi. "Kai ka koya mini."

Na yi bismilla na yanki tsiri daga gefen, faɗin tafin hannu, tsawon kamu guda. Saƙin yana da tauri, sai da na danna rezar. Na naɗe tif ɗin da shi zagaye bisa zagaye, na kara gutsuren taya a kai, na mayar, na buga famfo ina kallon tsagar. Farin ƙyallen ya cika bakinta ya tsaya. Bai motsa ba. Na ɗaure ta waje da igiyar roba, na saki birkin baya don kada ya kama ɗaurin, na hau.

Duk juyin ƙafar sai keken ya yi ɗan tsalle a kan ɗaurin. Da na hau kwalta na iske abin da na zata, motoci jere har inda ido ya tsaya. Na riƙa kutsawa tsakaninsu, yaran trotro, motocin hayarsu, suna zagina da yarukan da ban iya ba. A wani kwari ruwa ya yanke hanya gaba ɗaya. Ina tsaye ina tunanin yadda zan yi, wani ƙato da ban sani ba ya dubi farin da ke leƙowa daga ƙunshin bayana, ya dubi idona. Bai tambaye ni komai ba. Ya saɓa keken a kafaɗa ya shiga gaba, na bi shi da ƙunshin a ka, ruwa har ƙugu. A ɗaya gefen ya dire mini shi, ya dafa kafaɗata, ya faɗi kalmar da suke yi wa mai makoki da yarensu, ya juya. Ko sunansa ban ji ba.

Ina shiga lungun Hajiya Memuna ladan yana ɗaga murya. Na yar da keken a ƙofa, na ratsa mutane, babu hannun riga ɗaya, taɓo har wuya. Malam Seidu ya riga ya shimfiɗa farin yadin kasuwa, almakashi na hannunsa. Na durƙusa na miƙa masa ƙunshin.

"Malam, ga shi. Amma na yanki gefensa."

Ya dube ni. Na gaya masa komai a gurguje, kaina a ƙasa. Ya warware saƙin, ya gwada shi a tsawon Baba, ya gwada a faɗi, ya shafa inda rezata ta bi.

"Ya isa," ya ce. "Tsohuwa ya yi shi da yalwa, har na ɗauri zai fita. Je ka wanke hannu naka, ka zo ka riƙe masa kai."

Ni na riƙe kansa aka naɗe shi. Muka sallace shi bayan la'asar, muka kai shi. Da aka saka shi a kabari, farin da na gani na ƙarshe mai ɗan ja ne, ba irin na kasuwa ba, kuma a nan ne zuciyata ta kwanta.

Tayar ta ƙara yi mini aiki na wani lokaci kafin in samu sabuwa. Da na cire tsirin, ya yi baƙi da roba, ya ɗauki lanƙwasar tif. Na wanke shi na sake wankewa, bai koma fari ba. Na ninke shi na sa a ƙasan gwangwani, a ƙarƙashin cokula. Masu keke da yawa sun ci moriyar gwangwanin nan a hanyoyin Accra, don duk wanda na iske zaune sai na tsaya na sa shi ya yi da hannunsa. Komai na ciki nakan ba da aronsa, ban da wannan tsirin.

Ban yarda baɗi ta riƙe ni yadda ta riƙe shi ba. Shekarar da na koma gida, hannuna ba wani cike yake ba, na dai koma. Bayan na huta, na nemi ƙauyensu a bayan Tsibiri. Aka ce duk 'yan ɗakinsu sun ƙare sai ƙanwarsa guda, Gwaggo Hassi. Na iske ta zaune a inuwar rumbu, ta tsufa ƙwarai, idon ya tafi. Na gaishe ta, na ce daga Ankara nake, tare muka zauna da Gambo har Allah ya yi masa rasuwa. Ta yi masa addu'a, ta ce sun ji labarin a bakin matafiya.

Na fito da tsirin na sa mata a hannu. Ta murza shi tsakanin yatsunta, ta bi zaren da farce, ta sake murzawa.

"Wanga kaɗin Inna ne," ta ce. "Ni ke gurza mata audugar." Ta juyo da fuskarta wajen da muryata take. "Ina sauran?"

"Yana jikinshi, Gwaggo."

Ta daɗe tana gyaɗa kai. Sannan ta ƙulle tsirin a haɓar zanenta. Ba ta mayar mini ba, ni ma ban tambaya ba.